Ragon ƙarfe da garmar Kawu

Mai karatu, a wannan watan sai ka yi mani uzuri, domin ba zancen fim ko na littafi na zo maka da shi ba. Zancen bindiga ne, kuma akwai laifi na a ciki, laifin da yau fiye da shekara talatin ke nan bai bar ni ba.

Da Babbar Sallar da ta wuce na je gida Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, can gabas da Kano in ka wuce Wudil da Gaya. Bayan la'asar mu na zaune a ƙofar gida ni da taubashi na, sai ga babban ɗan sa ya zo ya durƙusa ya miƙo mani waya. Yaron ya fara bin 'yan farauta, kuma tun kaka ya ke tara kuɗi wai zai mallaki bindigar kan sa. Ya ce, "Baffa, don Allah duba mani wannan. Kai da ka ke jin Turanci, wace irin bindiga ce wannan? Ita ce ta fi kowace girma ko? Irin ta na ke so wallahi."

Bidiyo ne na wani Bature tsaye a fili, ya kafa bindiga a kafaɗa, ya na auna wani abu can nesa da ido ba ya ko tantancewa. Ya ja kunama. Wani ɗan baƙin abu ya kife, sannan sai da aka ɗan jima ƙarar ƙarfe ta iso. Na dubi taubashi na, shi ma ya dube ni. Sai ya ɗaga hannun sa na hagu, mai yatsu uku, ya yi dariya ya ce, "To bawa na, sai ka ba shi amsa. Ai kai ne gwanin babbar bindiga."

Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun mu na yara da wannan sunan ya ke kira na. Zan dawo kan batun yatsun, amma bari in fara gaya maka abin da yaron ya nuna mani.

Wasa ne na gwada iya harbi, wanda ya samo asali a ƙasar Meziko. Ana ba da labarin cewa wajen 1914, zamanin juyin juya halin ƙasar, dakarun Pancho Villa kan ɗaure dabbobi masu rai a nesa su yi gasar wa zai samu, in an gama a gasa naman a ci. A 1948 aka fara maye gurbin dabbobin da siffofin su da aka yanko daga farantin ƙarfe, a 1952 kuma aka yi gasar ƙasa ta farko a babban birnin ƙasar. Daga nan wasan ya tsallaka Amurka, inda ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta karɓe shi a 1973.

Dabbobi huɗu ake kafawa. Kaza a nisan mita 200, alade a mita 300, talo-talo a mita 385, sai rago a mita 500, wato kamar ka jera filin ƙwallo biyar. A gasar da aka saba, mutum zai yi harbi 40, goma-goma ga kowace dabba. A tsaye ake yi, ba kwanciya, ba jingina bindiga da komai. Ana jera dabbobin biyar-biyar, a ba ka minti biyu da rabi, kowace harsashi ɗaya, ka fara daga hagu ka nufi dama. Babbar dokar ita ce: sai dabba ta faɗi daga kan matsayin ta za a rubuta maka. In ka same ta, ta yi ƙara, ta girgiza amma ta tsaya, to kai da wanda ya harbi iska ɗaya ku ke.

A nan ne zaɓen bindiga ya zama abin muhawara. Abin da Turawa ke kira kaliba shi ne faɗin ramin bindiga, wanda shi ne kuma kaurin harsashin ta. Ragon nan na ƙarfe ya haura kilo 20, kuma kafin harsashi ya ci mita 500 gudun sa ya ragu ƙwarai. Ƙaramin harsashi na milimita 6, irin na .243 Winchester mai nauyin giram shida da rabi, ya na da daɗin harbawa, ba ya wahalar da kafaɗa, kaza da alade ba sa yi masa gardama. Amma sau da yawa sai ya bugi rago, rago ya yi ƙara ya ci gaba da tsayuwar sa. Za ka ce to a ɗauko babba mana! Shi kuma babba, gwargwadon yadda ya tura harsashi gaba, haka ya ke shurin mai shi baya. Ba kuma za ka ce ka ƙara wa bindigar nauyi don ta shanye shurin ba, domin doka ta tsayar da nauyin ta a kilo 4.6. Mutumin da zai tsaya ya sha shuri sau 40, tun kafin ya kai rabi jikin sa ya fara tsoron abin da ke hannun sa. Sai ido ya riƙa ƙiftawa, kafaɗa ta na zabura tun kafin bindiga ta tashi. A nisan mita 385, inda talo-talo ke tsaye da siririn wuya da ƙafa, wannan 'yar zaburar kaɗai ta isa ta kai harsashi wata gona daban. Ban da haka, duk harsashin da ke huda ƙarfen ko lotsa shi an hana shi a filin.

Saboda haka in ka bi tarihin wasan za ka ga gwanayen sa ƙasa-ƙasa su ka riƙa yi. Da farko .308 Winchester, wadda ta fito a 1952 mai harsashin kusan giram 11, ita ce ke tashe. Sai wasu su ka riƙa matse bakin kwanson ta su na sa harsashin milimita 7, har kamfanin Remington ya fitar da wannan a kasuwa a 1980 da sunan 7mm-08. Daga baya aka sake sauka zuwa milimita 6.5, da .260 Remington a 1997 da kuma 6.5 Creedmoor a 2007, masu harsashin kusan giram 9. Dalili shi ne, harsashi siriri mai tsawo ya fi keta iska, ya fi riƙe gudun sa, kuma iskar gefe ba ta kautar da shi sosai. Sai ya isa wurin rago da sauran ƙarfin sa, ba tare da ya ragargaza kafaɗar mai shi ba. Ka ga ashe abin da su ke nema shi ne mafi ƙanƙantar harsashin da zai iya kayar da rago. In ya gaza haka, rago ya tsaya. In ya wuce haka, mai harbi ya lalace.

Mai karatu, lokacin da na gama fahimtar wannan, sai na ji kamar Kawu ne ke magana daga kabari. Shi bai taɓa jin sunan Meziko ba, Allah ya jiƙan sa, amma wannan karatun ya yi ta ƙoƙarin cusa mana a bayan gari.

Kawu, yayan mahaifiya ta, maharbi ne, kuma a hannun sa na tashi. Ƙasar mu ƙasar ƙarfe ce tun asali. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da su ka zauna gindin Dala neman tama, daga Gaya su ka tashi. Ita ma bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano, tunda tarihi ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Bindigogin Kawu biyu ne, duk na toka, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, waɗanda mutane ke wa tsiya da sunan harbi-ruga. Kada ka haɗa su da ta cikin bidiyon can. Ita waccan akwai tsagi a murɗe cikin bututun ta, wanda ke sa harsashi ya fita ya na juyawa kamar mazari, shi ya sa ya ke tafiya a miƙe har mita ɗaruruwa. Ta toka kuwa cikin ta sumul ya ke, in ta wuce 'yan taku kaɗan sai abin da Allah ya yi.

Ɗaya siririya ce, ita ya ke ɗauka kullum, ita ke kawo mana zabi da fakara da zomo. Ɗayar kuma ƙatuwa ce mai faɗin baki, ta mahaifin sa ce, tun zamanin da akwai mugun dawa da kura a dajin mu. A rataye ta ke a ɗakin sa, sai dai lokaci-lokaci ya sauko da ita ya goge, ya shafa mata mai, ya mayar. Ni kuwa ita ce ta tsaya mani a rai. In ya fita sai in shiga in riƙa zura babban yatsa na a bakin ta ina jin daɗi.

Duk shekara bayan an kawar da amfanin gona, kafin a buɗe farautar rani, Kawu kan kai mu wani faƙo a bayan gari, inda akwai tudu a gaba. Sai ya ɗauko bakin wata tsohuwar garma da ta cinye, ya tsayar da ita a kan hoge, ya ƙirga taku arba'in ya ja layi da ƙafa. Duk wanda ba shi ke harbi ba sai ya koma bayan kuka, domin dalma in ta bugi ƙarfe ta kan dawo. Dokar sa ɗaya ce, kuma ita ce dokar Turawan can: ƙara ba ta shiga lissafi, sai garma ta faɗi. Ya kan ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Dabbar da ka ji wa rauni ta gudu, ba ka ci ba, ba ka bar wa Allah kayan sa ba."

Ina da shekara goma sha biyar na fara kayar da garmar nan da siririya, sau uku ko huɗu a cikin biyar. Kai na ya kumbura. Na dame shi da roƙo har wata rana ya gaji ya ɗura mani ƙatuwar, da ɗan albarushi kaɗan ma. Na ja kunama. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kunne na ya yi ta kuka har dare, kafaɗa ta kuma ta yi sati a kumbure. Garma ko motsi ba ta yi ba.

Abin mamaki, da na koma kan siririyar da na saba, sai na kasa samun komai. Na ce bindigar ce ta lalace. Kawu bai ce uffan ba. Ya juya baya kamar ya na ɗura ta, ya miƙo mani ya ce in harba. Na auna, na ja kunama, sai na ji ƙyas! Ashe babu komai a ciki. Amma ga ni na runtse ido gam, na ƙanƙame jiki, bakin bindiga ya duƙa ya na kallon ƙasa. Taubashi na har da faɗuwa don dariya. Kawu ya ce, "Ka gani ko, ɗan nan? Harbi ɗaya ta koya maka tsoro. Yanzu sai mun yi wata guda kafin mu cire shi. Bindigar da ka ke rufe wa ido ba taka ba ce. Kada in sake ganin hannun ka a kan ta."

Da na ji maganar nan, da yau ban rubuta wannan ba. Amma dariyar taubashi na ta tsaya mani a wuya.

Ranar wata kasuwar Gaya, Kawu ya yi sammako ya tafi. Na lallaɓi taubashi na mu ka sauko da ƙatuwar, mu ka naɗe ta a tabarma mu ka nufi faƙo. Don in nuna masa na isa, sai na ƙirga taku saba'in maimakon arba'in. Na harba sau biyu ina cije haƙora. Na farko ya tafi daji. Na biyu ya taɓa garma, ta yi ƙara, ta tsaya ƙyam. Sai na ce a rai na, ai ƙarfi ne bai isa ba. Taubashi na ya tafi duba inda dalmar ta buga, ni kuma na juya baya na ninka albarushi, na ƙara dalma, na danna da sanda iya ƙarfi na. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ga wurin da ya fi yi mani nauyin faɗa. Da na ɗaga bindigar, sai kafaɗa ta ta tuna da abin da ta sha. Tsoro ya kama ni. Maimakon in ajiye, sai na miƙa masa na ce, "Ai kai ne mai dariya. In kai namiji ne, harba mu gani." Ban gaya masa abin da na zuba ba.

Ƙarar da na ji ba irin ta bindiga ba ce. Da hayaƙi ya washe, bututun ya tsage daidai inda hannun sa na hagu ke riƙe, shi kuma ya na durƙushe ya na kallon hannun, bai ko fara kuka ba tukuna. Masu kiwo ne su ka ji su ka sheƙo. A amalanke aka kai shi bakin hanya, daga nan mota ta kai shi asibiti. Yatsu biyu su ka tafi, ƙaramin da mai bi masa.

Na jira duka, duka bai zo ba. Bayan kwana uku Kawu ya ce in biyo shi. Mu ka je faƙon. Garmar na nan tsaye a kan hogen ta. Ya taka daga gindin ta har inda jini ya bushe, ya na ƙirgawa a bayyane, har saba'in. Ya ciro battar albarushin sa ya jijjiga ta kusa da kunne. Sannan ya ce, "Da garma ta yi ƙara ba ta faɗi ba, magana ta yi maka. Cewa ta yi ka yi nisa. In bindiga ta gaza, ƙafa ake ƙarawa, ba albarushi ba. Da ka matsa, da ta faɗi, da ɗan'uwan ka na da hannun sa." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar da zancen ba. Da dukan ya yi mani da ya fi sauƙi.

Shi kuwa taubashi na, sai ranar sadakar bakwai ta Kawu na iya buɗe baki na gaya masa cewa ni na ninka ɗurin kuma na ɓoye masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai na sani. Da na dawo na hangi sandar ta tsaya sama fiye da yadda ta saba. Kunya ce ta hana ni ajiyewa. Ya za a yi bawa na ya ce in harba in ce ina tsoro?" Ka ji fa. Girman kai biyu ne su ka haɗu a kan tsohon ƙarfe ɗaya. Ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe, amma duk ranar da na ga yadda ya ke kama ƙotar fartanya sai na kawar da kai.

To, wannan shi ne abin da na kwashe na gaya wa ɗan sa a ƙofar gida, a gaban uban. Na ce masa bindigar cikin bidiyon ba ita ce babba ba, kuma masu wannan wasan sun shafe shekaru su na gudun babba. Na ce kafin ya ba kowa kuɗin sa ya amsa wa kan sa tambaya uku: me zai harba, daga wane nisa, kuma sau nawa zai iya harba ta idon sa a buɗe? Dajin da kakan sa ya yi farautar mugun dawa yau duk ya zama gonakin gero da gyaɗa, abin da ya rage bai wuce zomo da fakara da ɗan zabon da ya tsira ba. Wanne ne a cikin su ke buƙatar bindiga mai bakin rijiya? Daidai ruwa daidai tsaki. Na kuma ja kunnen sa kan bindigar da aka harhaɗa da bututun famfo, domin ba ta da alƙawari, da kuma batun hukuma. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi uku: na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuma ta toka ta na ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Na ce ya fara zuwa wurin Sarkin Baka a san da shi, ya nemi takarda, sannan a yi zancen ƙarfe.

Da na tambaye shi ina ya samo wannan son babbar bindiga, sai ya ce ai haka ya ke gani a fim. To, 'yan'uwa na masu shirya finafinai, tunda a dandalin ku na ke, ga saƙo. Jarumin da ke riƙe ƙatuwar bindiga da hannu ɗaya ya na zazzaga wuta, ko hular sa ba ta karkace ba, yara na kallon sa kuma su na gaskatawa. Ban ce ku daina fim ɗin faɗa ba. Amma ko sau ɗaya a nuna mana bindiga ta shuri mai ita, a nuna wanda ya cika mata ciki ta fashe masa a hannu. Wallahi akwai labari a nan, kuma ba sai an je Indiya aro shi ba.

Wani tunani kuma da ya zo mani a hanyar dawowa Kano shi ne, mutanen Meziko sun bar harbin dabba mai rai sun koma ta ƙarfe, wasan su bai mutu ba, sai ma bunƙasa da ya yi. Mu da mu ke da maƙera tun daga Gaya har Ajingi, yanka zabo da zomo na ƙarfe ba zai gagare su ba. In shugabannin maharba su ka tsara, hukuma ta amince, aka samu fili mai tudu nesa da gidaje, samari za su samu inda za su gwada gwanintar su a gaban manya, 'yan namun da su ka rage su samu su hayayyafa. Mai rufe ido ma a nan za a gane shi tun bai ji wa kowa ciwo ba.

Yaron ya daɗe bai ce komai ba. Can ya dubi uban sa ya ce, "Baba, da ma ba injin niƙa ba ne?" Ashe abin da aka gaya wa yaran gidan ke nan duk tsawon shekarun nan, don a rufa mani asiri. Uban ya ce, "Tashi ka shiga bayan rumbu, akwai wani tsohon bakin garma da aka tokare ƙyaure da shi, ɗauko ka kawo wa Baffan ka ya gaisa da abokiyar sa."

Ya kawo ta. Tsatsa ta cinye gefen ta, amma lotsawar da dalma ta ta yi mata daga taku saba'in na nan, ba ta fi girman ƙwayar gyaɗa ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.